Ƙorafi kan Ƙaryar da Aka Yi wa Jikata Bayan Korar Malamarta

Zuwa ga: Babban Jami'in Sa Ido kan Makarantun Renon Yara
Daga: Kakan ɗaliba, tsohon magatakardan kotu
Kwanan wata: Litinin, 17 ga Maris

Game da: Korar malamar ajin 'yan shekara huɗu da abin da ya biyo baya

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina gabatar da ƙara kan shugabar makarantar renon da ke bayan tashar mota, inda jikata, wadda muke kira Auta, take karatu.

1. Auta tana da in'ina. Ta shiga makarantar ba ta haɗa kalma uku, yara na yi mata dariya. Malamar ajinta ce ta yi wata bakwai tana zaunar da ita kusa da taga, suna tafi suna rera kalmomi, har bakinta ya buɗe.

2. Ranar Litinin, 3 ga Maris, aka wayi gari babu malamar. Ba takarda, ba sallama.

3. Da yaran suka yi ta kuka, shugabar ta shiga ajin ta ce musu malamar ta gudu ne don ta gaji da yaran da ba su iya magana ba. Mai shara ta ji, kuma ta yarda ta ba da shaida. Yaro ɗaya ne a ajin nan bai iya magana ba, ranka ya daɗe, kuma Auta ta san ita ake nufi.

4. Yau kwana goma sha huɗu Auta ba ta ce uffan ba. Da yatsa take roƙon ruwa. Ni da nake fama da gwiwa, ni nake durƙusawa ina tafi ina rera mata waƙar malamar, tana kallona kawai.

5. Ranar 10 ga wata na gano gidan malamar. Korarta aka yi, saboda ta rubuta takardar ƙorafi cewa ƙarfen matakalar benen makarantar ya karye. Kwafin takardar na haɗe. Washegari malamar ta zo makarantar yi wa yaran bankwana, aka sa mai gadi ya tare ta a ƙofa.

Don haka ina roƙo a duba matakalar nan cikin makon nan, a mayar da malamar ajinta, a kuma ƙwace lasisin shugabar. Kafin a ƙwace, a tsayar da ita gaban yaran da iyayensu ta janye ƙaryarta da bakinta, a hankali, kalma bayan kalma, yadda Auta za ta ji.

An turo mini masu ba da haƙuri sau biyu. Na ba su kujera da ruwa, amma ban haƙura ba. Shekara talatin na yi ina rubuta hukuncin wasu, ban taɓa marmarin ganin an zartar da wani kamar wannan ba. Na yi ritaya, ba inda za ni. Kowace safiya za a same ni a bencin ƙofar ofishinka har sai an amsa.

Ka huta lafiya.

Naka cikin ladabi da biyayya,
(sa hannu)
Kakan Auta