Wuƙar Tana Cikin Akwatinka

Baba,

Na fita kana barci, ban so in tashe ka ba. Kwana uku ina zaga shaguna neman wuƙar da zan ɗaura wa inji in yanka haƙoran shaf, sandar ƙarfen da ke juyawa a taraktar nan. Mai ita kullum yana ƙofar gareji, gonarsa na jira. Ko'ina babu.

Ɗazu na same ta a tsohon akwatinka na ƙarƙashin gado, wanda bara na dage a ba 'yan gwangwan. Tana naɗe a tsumma, shafe da mai, kamar sabuwa. Duk karatuna bai kai ni ƙarƙashin gadonka ba.

Na ɗauka, ka yi haƙuri. Ka gama dariyar kafin azahar, don zan dawo ka nuna mini yadda ake saita ta.

'Yarka, wai injiniya