Ledar da Muka Binne a Bakin Kwari

Litinin, 5 ga Mayu

Tallafin ya fito! Ƙungiyar kare muhalli za ta ba mu dashen itatuwa mu jera a bakin kwarin nan. In sun kama, sai ta kawo duwatsu da waya a ɗaure gaɓar. Amma da sharaɗi: sai mun yi aikin tare da 'yan ƙetaren kwarin. Mu da mutanen da suka shekara suna ɗibar yashi suna ƙara mana ramin! Ni aka ɗora wa jagorancin ɓangarenmu, wai ni tela ce, kullum ina gida. Na haɗiye, don kwarin ya kusa cin bayan ɗakin Inna.

Alhamis, 8 ga Mayu

Na sake roƙon Inna ta dawo ɗakina. Ta ce ɗakin da Baba ya gina da hannunsa, sai dai a fitar da gawarta. Tana faɗa tana goge kofin Baba na silba, wanda tun rasuwarsa ba wanda ya isa ya kai shi baki. Na koma gindin keken ɗinki na sha kukana.

Asabar, 17 ga Mayu

Mun yi dashe. Jiya mai rainon itatuwa ya zo koyar da yadda ake yi, amma a ƙetare aka yi taron, a ƙofar garejin Makaniki, shugabansu. Na ce ba mai zuwa. Dashe ma sai an koya mana? Muka haƙa ramuka, muka saka kowanne da baƙar ledarsa, tsaf-tsaf. Kawu ya ce ledar ma za ta tare gara.

Muna cikin yi sai ga Makaniki ya tsallako, hannu duk baƙin mai. "Yaya, tsaya ki ji…" Na ce ya koma ya ji da yashinsa. Mata suka sa shewa. Wallahi na ji daɗi.

Lahadi, 1 ga Yuni

Nasu sun yi kore shar. Namu sai rawaya suke yi, ga shi ina ba su ruwa safe da yamma har bayana ya ƙage.

Laraba, 11 ga Yuni

Ruwa kamar da bakin ƙwarya. Makewayinmu ya tafi. Ji kawai muka yi rim, muka leƙa, sai rami. Inna ko gezau, tana ta jan carbi. Ya Allah, ina zan sa kaina?

Juma'a, 13 ga Yuni

Na tone guda ɗaya. Saiwar ta cukurkuɗe a cikin ledar kamar zaren da keke ya tauna, ta fara ruɓewa. Innalillahi. Ashe abin da mutumin nan ya tsallako ya faɗa mini ke nan. Ban gaya wa kowa ba. Ranar Talata jami'ar ƙungiyar za ta zo dubawa.

Talata, 17 ga Yuni

Ta zo. Ta kama guda ta ja, ya biyo hannunta har da leda. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Cewa kawai ta yi, "Aikin haɗin gwiwa muka tallafa, Hajiya, ni kuma aiki biyu na tarar." Ba duwatsu bana, ba mu ba su. Sai baɗi a sake dubawa.

Baɗi! Damina ko rabi ba ta yi ba. Na riƙe mata hannu na ce ta zo ta ga ɗakin uwata. Har ƙasa na durƙusa, a gaban 'yan ƙetare, ni. Ta ɗago ni, ta ce ba a hannunta abin yake ba.

Alhamis, 19 ga Yuni

Bangon Inna ya tsage, har haske na shigowa. Na kasa ko zura zare a allura. Mun ja wa mutane asara, ko zagina suka zo yi ba ni da bakin ramawa.

Asabar, 21 ga Yuni

'Yan ƙetare sun zo. Da fartanyu, da buhuna, da tsofaffin tayoyin gareji. Makaniki ko gaishe ni bai yi ba. Suka tone dashen da ke da sauran rai, suka yage ledar, suka mayar. Suka jera tayoyi a bayan ɗakin Inna, suna ɗura yashi a buhu. Na ce masa, "Wannan ba zai tare ruwa ba." Ya ce, "Na sani. Riƙe bakin buhun." Na riƙe.

Ba wai mun shirya ba ne. Yashin ma ai namu ne suka dawo da shi. Hadari kuma ga shi can yana haɗowa, ban san ko ɗakin zai kai gobe ba.

Da rana ta take, na shiga ɗakin Inna in ɗebo wa Makaniki ruwa. Inna ta dube ni, ta dubi hannuna. Kofin Baba ne. Shi ne a kusa, shi ke nan.