Shekarar da Ba a Yi Yaɓe Ba

Asabar, 2 ga Afrilu, 1988

Yau Inna ta fita takaba. Ko lallen hannunta bai gama kamawa ba Baffa Arzika, ƙanen Baba, ya iso daga Sakkwato, wani dogon mutum mai jar hula na biye da shi. Labbo sunansa, dillalin gidaje ne. Na shimfiɗa musu tabarma a zaure, na kai ruwa, na koma bayan ƙyaure.

Za a sayar da gidanmu. Baffa ya ce gidan gado ne, nasu ne shi da Baba tun daga kakanmu, kuma tunda Baba bai bar namiji ba gara a sayar a raba, kowa ya san nasa. Ni ma wai ina da rabo. Ba wanda ya tambaye ni. Ko an tambaye ni ma na san ba zan iya ɗaga kai ba.

Da zai tafi ya ce, "Uwata, an girma." Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, haka Baba yake kirana. Ban so ya faɗa ba.

Laraba, 6 ga Afrilu

Inna ta ce in an sayar da daraja, rabonmu zai isa ɗaki biyu a unguwar Nasarawa, mu zauna a Birnin Kebbi. In bai isa ba sai Argungu, gidan wanta Kawu Kalilu. Ni ban son ko ɗaya. Nan nake so.

Litinin, 11 ga Afrilu

Maigandi magini ya zo da jakunansa, kamar kowace shekara. Ya tsaya a ƙofa ya ce, "Masu gida, lokacin yaɓe ya yi hwa. Ƙasa na son ta kwana ta ruɓa."

Haka ake yi tun ina ƙarama. Kafin damina a zubo ƙasa a tsakar gida, a kwaɓa ta da ciyawar ramno, a bar ta ta yi wari, sannan a hau rufin soraye a yaɓe, a gyara indararo, a shafa makuba don ruwa ya riƙa zamewa. Bangon ɗakin Inna na gabas, wanda ruwa ya fi duka, Baba ba ya barin kowa ya taɓa. Da hannunsa yake yi. Ƙaramin yatsansa ya karye tun yana yaro bai miƙe ba, shi ya sa shatin hannun kowa layi huɗu ne, nasa uku. Na bara yana nan har yanzu, tun daga ƙasa har inda hannunsa ya kai. Wani lokaci in ba kowa nakan sa yatsuna a ciki in bi.

Inna ta ce wa Maigandi ya jira ta aika wa Baffa.

Juma'a, 15 ga Afrilu

Amsa ta dawo ta bakin Labbo. Wai ba a yi wa gidan da za a sayar yaɓe, asara ce, mai saye na hannu, shi zai yi abinsa. Maigandi ya kaɗa jakunansa zuwa gidan maƙwabta.

Alhamis, 21 ga Afrilu

Azumi. Mai sayen ya zo, Alhaji Maliki, mai shagon kayan gini a bakin kasuwa. Gajere ne, turarensa ya cika gidan. Ya shiga ko'ina, har ɗakin girki, har bayan gida. Labbo na gaba yana ta zuba: "Dubi azara, Alhaji, irin ta da ce, gara ma tsoronta takai! Dubi rijiya, ruwanta kamar madara!" Rijiyarmu da ke da gishiri-gishiri.

Alhaji bai dubi azara ba. Ƙasa yake kallo, yana takawa daga bango zuwa bango.

Ya taya, Baffa ya ce albarka. Ya ɗan ƙara, wannan karon Baffa bai ce albarka ba. Labbo ya ce to magana ta kama hanya, a bari bayan salla a ƙarasa.

Na wanke kofin da ya taɓa, ko da yake bai sha komai ba.

Lahadi, 8 ga Mayu

Kullum in na kai goshi ƙasa abu ɗaya nake roƙo: Allah ya sa Alhaji ya fasa.

Talata, 17 ga Mayu

Salla. Ta farko ba Baba. Mun yi tuwon shinkafa kaɗan, Inna ba ta ci ba. Ƙawayena sun zo mu tafi yawo na ce kaina na ciwo.

Labbo ya biyo gaisuwa ya ce Alhaji ya yi tafiya Legas sarin kaya, sai ya dawo. Na shiga ɗaki na yi ta murmushi ni kaɗai. Ko addu'ata ce?

Juma'a, 3 ga Yuni

Ruwan farko, da iska daga gabas. Ƙamshin ƙasa. Indararon ɗakin Inna ya toshe, ruwa ya bi bango ya sauka. Na kafa kwano a gefen gado, wuri ɗaya ne kawai ke yoyo.

Alhaji ya dawo amma wai sai bayan babbar salla. Alhamdu lillahi.

Litinin, 20 ga Yuni



Da hantsi ina tsinkar zogale a jikin katanga na ji murya a lungu, ta waje. Labbo ne da Alhaji Maliki. Ba su san da mutum ba. Na ji ana dukan bangon ɗakin Inna da ƙafa, ƙasa na zuba.

Alhaji ya ce, "Labbo, ni gida nika so ko hili? In na saya yanzu, kuɗin gida zan biya, in sake biyan masu rushewa. Bari ruwa ya yi min aikin. In ya hwaɗi mu yi cinikin kango."

Labbo ya yi dariya har da tari. "Kai Alhaji, ba ka da dama. Ruwan sama ma sai ka sa shi leburanci!"

Ashe ba addu'ata ba ce. Duk murnar da na yi ta yi, shi nake taya jira.

Talata, 21 ga Yuni

Na buɗe baki in gaya wa Inna, sai na ce mata gishiri ya ƙare.

Asabar, 2 ga Yuli

Yoyo wuri huɗu yanzu. Kwanonin jeren Inna duk sun sauko ƙasa suna tarar ruwa.

Na ɗauki daro na je kududdufi na ɗebo laka. Na yayyanka busasshiyar ciyawa na kwaɓa yadda na ga ana yi. Da na zo gaban bangon sai na tsaya. In na yaɓa, hannun Baba zan rufe. In ban yaɓa ba ruwa zai cinye shi. Na daɗe a tsaye har laka ta fara bushewa a hannuna.

Gindin kawai na yaɓa, inda shatin ya riga ya goge. Da la'asar aka yi ruwa, duk ya zame ya kwanta a ƙasa kamar kunu. Ƙasar ba ta ruɓa ba, bangon kuma jiƙe yake. Inna ta gani ta taga. Ta dai miƙo mini sabulu.

Laraba, 13 ga Yuli

Na gaya mata. Tana tsince tsakuwa a shinkafa, ba ta ɗago ba.

"Ke, da kunnenki kika ji?" Ba ta taɓa kiran sunana ba, ni ce ta fari, ni ce kuma ta ƙarshe.

Na ce i.

Ta ce, "Wa za ya ji maganar ɗiya mace kan Alhaji? Cewa za a yi ni na kitsa miki don kar a sayar." Ta ci gaba da tsinta. Can ta ce in kama mata mu janye gado daga jikin bangon.

Talata, 26 ga Yuli

Baffa ya zo gaisuwar babbar salla da cinyar rago. Na kai masa ruwa zaure, na durƙusa, na ƙi tashi.  Na faɗa, amma ni kaina ban ji muryata ba.

"Mi kika ce, Uwata? Ɗaga murya."

Na sake faɗa, ina kallon tabarma.

 Ya tashi ya zagaya lungu, ya dawo takalmansa duk laka. Ya cire hula ya riƙe a hannu.

"Tun yaushe kika ji wanga zance?"

Na ce tun watan jiya.

Bai yi faɗa ba. Gara da ya yi. Cewa kawai ya yi, "Da tun sannan ne."

Ya aika aka kira Maigandi. Maigandi ya danna bangon da babban yatsa, yatsan ya shige. Ya ce ya sha ruwa har ciki, ba mai yaɓe a tsakiyar damina, sai dai a tokare da itace a yi addu'a. Aka tokare.

Alhamis, 28 ga Yuli

Baffa ya tari Labbo. An ce Labbo ya yi ta rantsuwa, wai yarinya ce ta ji iska. Baffa ya nemi wani dillalin, ya nemi wani mai saye. Kowa ya ce a'a, gari duk ya san gidan na cikin cinikin Alhaji Maliki, kuma ba a ciniki a kan cinikin wani, haramun ne, sai in shi ya ce ya janye. Shi kuwa bai janye ba, bai kuma saya ba. In an je sai ya ce, "Ina nan kan bakata, gaggawar mi akai?"

Baffa ya koma Sakkwato, aiki na jiransa.

Lahadi, 7 ga Agusta

Ruwa, ruwa. Mun koma ɗakin Baba da kwana. Shatin da ya rage a bangon bai fi faɗin faifai ba, can sama ƙarƙashin indararo.

Alhamis, 11 ga Agusta

Ya faɗi.

Bayan azahar, ruwan ma ya tsagaita. Ba wata ƙara mai yawa, kamar an sauke buhu daga kan jaki. Muna ɗakin girki. Da muka fito, ɗakin Inna a buɗe yake, ana hango lungu, ana hango mutane su ma suna hango mu. Azara biyu sun soke ƙasa. Rabin katanga ya bi shi.

Maƙwabta sun cika gidan, Allah ya kiyaye gaba, Allah ya sa iyakarta ke nan. Kafin magariba Labbo ya iso jaje, bakinsa na salati idonsa na awo. Alhaji Maliki ya aiko da buhun gero.

Na tona da hannu ina neman guntun bangon da ke da shatin. Babu ko guntu, duk ya zama taɓo.

Juma'a, 12 ga Agusta

Geron Alhaji muka daka yau. Na ce ba zan sha ba. Na sha.

Asabar, 13 ga Agusta

Ba katanga, Inna da lulluɓi take zuwa rijiya a cikin gidanta. Yau na roƙi Allah ya sa Alhaji Maliki ya saya. Ni, da bakina.

Juma'a, 19 ga Agusta

An yi cinikin a zaure bayan an sauko daga masallaci. Mai unguwa, shaidu, Baffa, sai Alhaji da Labbo. Ina bayan ƙyaure. Alhaji ya ce shi yanzu ba gida ya gani ba, kango ya gani, amma saboda marainiya zai daure. Ya faɗi abin da bai kai tayinsa na azumi ba, wanda Baffa ya ce wa albarka. Na jira in ji albarka.

"Na sayar."

"Na saya."

Aka shafa fatiha, muryar Labbo ta fi ta kowa. Aka miƙo mana dabino da goro ciki. Baffa bai shigo ya yi wa Inna sallama ba, ta bayan ƙyaure ya ce, "Aminatu, ku yi haƙuri." Ni bai ce mini Uwata ba.

Rabonmu ba zai sayi ko ɗaki ɗaya a Nasarawa ba. Kawu Kalilu zai riƙe, a sa a noman albasa.

Lahadi, 28 ga Agusta

A bayan a-kori-kura muka taho, da gado da kwanoni da turmi. Inna ta share tsakar gida kafin mu fita, ban san don wa ba. Tirelar bulo na tsaye a ƙofa tana jiran mu ba ta wuri.

Ban waiwaya ba. Ƙarya ne, na waiwaya.

Laraba, 14 ga Satumba

Argungu. Ɗakin da Kawu ke ajiye albasa aka share mana, warin bai fita ba, ya shiga har zanena. Sauro kamar a ɗauke mutum. Ko'ina ƙarnin kifi. Baiwa, matar Kawu, tana da kirki, amma komai sai na tambaya: ina tsintsiya, ina guga, ko in zauna nan. 'Ya'yanta na kirana 'yar Birni, suna kwaikwayon yadda nake sunkuyar da kai.

Ba na fita. Ba na son in san hanyoyin garin nan.

Asabar, 29 ga Oktoba

Na daɗe ban rubuta ba, muna ta shanyar shinkafa.

Wata maƙwabciyarmu ta da ta zo biki, ta biyo. Ta ce gini ya kai taga, shaguna ne a gaba, an cike rijiyar. Inna ta yi ta tambaya. Ni na tashi na duba tukunya. Ɗazu na so in tuna ko shatin Baba dama ya karkata ko hagu, na kasa. Na gwada a ƙasa da yatsa uku, duka biyun sun yi kama.

Da safe Baiwa ta aike ni sayen daddawa. Tsohuwar da ke sayarwa ta ce, "Ɗiyar wane gida ce?" Na ce gidan Kalilu mai albasa. Haka kawai ya fito.

Akwai tsaga a bangon ɗakinmu na gabas, siririya, daga taga zuwa ƙasa. Kawu na shigowa daga fadama, ko zama bai yi ba, na ce masa a zubo ƙasa da wuri bana, kar a jira hadari. Da ƙarfi na faɗa, har ya juyo ya dube ni. Ya ce, "Awo, to. Ke za ki kwaɓa?" Na ce i.

Na ga na rubuta ɗakinmu. Ɗakin albasa nake nufi. Da biro ne, ba ya goguwa.