Ban San Kabarinka Ba, Yaya Haruna

Sabo, Ibadan

Zuwa ga Yaya Haruna,

Gaisuwa mai yawa. Na so in ɗora da fatan kana lafiya, yadda aka koya mana a makarantar mishan, sai alƙalamin ya ƙi tafiya. Wace lafiya zan tambayi mutumin da na zuba wa ƙasa da hannuna wata uku da suka wuce? Na san ba za ka karanta wannan ba. Shi ya sa ma nake iya rubutawa. Ka san ƙaninka, gaskiya ba ta cika fita daga bakina a gaban wanda zai iya amsawa ba.

Ga labarin gida tukuna. Wasiƙar Inna ta iso ran Talata, malamin ƙauyenmu ne ya rubuta mata. Matarka Saratu ta sauka lafiya, namiji, an sa masa sunanka. Gero ya yi kyau a gonar bayan rafi, sai dai babu masu yanka, samari duk sun shiga soja. Rufin majami'a yana yoyo ta ɓangaren mata. Yaƙin da ya cinye ka kuwa yana nan. Kullum rediyo na cewa saura kaɗan, kullum kuma jirgi na sauke masu ƙafa ɗaya a tasha. A ƙarshen wasiƙar Inna ta yi tambaya guda: wace waƙa aka rera maka a bakin kabari? Yaya, tambayar nan ce ta zaunar da ni.

Rabin labarin ka sani. Shekara tara ina dillancin shanu a ƙarƙashin Alhaji, maigidan da fatake ke sauka a wurinsa. Mutum zai taho daga Arewa ya damƙa maka garkensa alhali bai san ko ƙofar gidan ubanka ba. Amana ce ke riƙe da sana'ar, ni kuma na lura a sahun salla ake auna ta. To, na shiga sahu. Sunana Dauda, ba ƙofar da ba ya shiga. Alwala kuwa na iya ta har wasu kan gyara tasu in sun ga tawa. Ran Lahadi sai in ce zan je Ojoo taryen shanu, in lanƙwasa Mokola, ajin makarantar nan da sojoji da leburori ke sujada da Hausa. In zauna bencin baya, in sulale kafin a sa albarka, don kada wani ya gaishe ni a titi. Na ɗauka wayo ne.

Da aka sallame ka daga asibiti da raunin cikin nan da ya ƙi rufewa, ka sauka a ɗakina, me na fara roƙonka? Ban tambaye ka ciwo ba. Cewa na yi ka ɓoye ɗan littafinka mai baƙin bango, kuma kada ka yi waƙa. Ka dube ni kawai. Da ka zage ni da ya fi mini sauƙi. Abu ɗaya ka nema a wurina: in ta faru, in kira 'yan ikkilisiya su binne ka da waƙa. Na dafa ƙirji na yi alkawari, irin dafawar da nake yi wa mahauta a kan tsohuwar saniya.

Ranar da ta faru ina kara, kasuwar shanu, ina ƙoƙarin cusa wa wani mahauci Bayarabe saniya mai tari, aka zo aka ce in zo gida maza. Bari in faɗa maka abin da ban faɗa wa kowa ba: sai da na gama cinikin.

Na iso bayan azahar, na tarar har an yi maka wanka. Ka san mutanen nan ba sa barin gawa ta jira, kuma baƙon da ya rasu a gidan Alhaji na Alhaji ne. Sabon likkafani, turare, an riga an haƙa kabari. Abin da za su yi wa ɗan cikinsu shi suka yi maka. Ni kaɗai ake jira. Alhaji ya kira ni zaure, ga liman, ga dattawa, ya tambaye ni a hankali ko yayana Musulmi ne. Na dubi mutanen da nake ci da su shekara tara. Na ce e. Har na ƙara da cewa azumi bai taɓa wuce ka ba. Wa ya tambaye ni wannan? Bakin dillali ne, ba ya iya sayar da abu sai ya sa gyara.

A sahun gaba na tsaya aka yi maka salla. Aka kwantar da kai, na zuba ƙasa, na karɓi gaisuwa. A maƙabartar nan ba a rubuta suna. Ruwa ya yi ta sauka sati biyu, tudun ya kwanta, aka ƙara wasu a gefenka. Na koma na ƙirga, na sake ƙirgawa. Kana cikin ɗaya daga kaburbura bakwai, iyakar abin da na sani ke nan.

Bayan sadakar bakwai Alhaji ya kira ni ni kaɗai, ya miƙo mini littafinka a naɗe cikin farin ƙyalle. Tsohon da ya yi maka wanka ne ya tsince shi a ƙarƙashin matashi. Alhaji ya ce littafi ba shaida ba ne, soja na ɗaukar komai, shi ya sa ya tambayi ɗan'uwa. Ya ce tun kafin in iso ya sa direbansa ya tsayar da mota a bayan gida, da na buɗe baki da an kai ka wurin mutanenka kafin la'asar. Ni kuma, in ji shi, ya daɗe yana zargin shanun Lahadin nan da ba su taɓa isowa ba, yana jira in faɗa da kaina. Ka ji, Yaya? Ƙaryar da na sayar da kai a kanta ko buƙatarta ba a yi. Ya ce na cuci mamaci, na cuci liman, kuma wanda ya yi ƙarya a kan gawar yayansa ba zai ba shi shanun mutane ba. Ko murya bai ɗaga ba. Ɗakin ma ya ce in bar shi a ƙarshen watan. Ban ga laifinsa ba.

Sai na tafi wurin Fasto, tsohon sojan nan mai ɗingishi da yake zuwa duba ka a asibiti. Na shirya magana tsaf, na jera hujjoji kamar goro a faifai, masu kyau a sama: tsoro, lokacin yaƙi, da na faɗa da an yi mini duka. Ya bar ni na gama. Sannan ya gaya mini cewa da suka ji rasuwarka kafintansu ya haɗa akwati, suka turo shi a amalanke har bakin Sabo, aka ce musu an riga an binne. Na san ranar. Na hango su daga nesa, na koma kara na ɓuya a bayan shanu.

Akwatinka bai yi asara ba. Wani tsoho ɗan Gabas da ya kasa gudu lokacin da 'yan'uwansa suka tafi ya mutu shi kaɗai a ɗakin haya, kowa na tsoron a ce nasa ne. 'Yan ikkilisiya su suka ɗauko shi. Sojojin da suka dawo daga harbin danginsa, su suka ɗauki akwatin a kafaɗa, suka rera masa waƙar da aka tanadar maka. Fasto ya ce ikkilisiya ba don masu tsabtar riga aka kafa ta ba, an kafa ta ne ta ɗauki wanda kowa ya ce ba nasa ba ne. Na ce to a sa ni horo. Ya ce in tsaya gaban jama'a in faɗi abin da na yi, ba ragi, ba gyara.

Na tsaya. Ni da nake ja-in-ja da mahauta goma ban gaji ba, ranar na faɗi komai yadda yake, ba ja-in-ja. Na gama. Na juya zan nufi ƙofa, sai Mama Ladi, tsohuwar da ke soya ƙosai a bakin bariki, ta matsa ta buɗe mini wuri kusa da ita, a bencin gaba.

Wannan abin ne ya fi ƙarfina, Yaya. Duk rayuwata in na taɓa tozo, na duba haƙora, na san darajar dabba. Wannan da kuke kira alheri na juya shi gaba da baya ina neman inda aibun yake, ina neman abin da za a karɓa a wurina daga baya. Ban samu ba. Ashe zafi gare shi. Korar Alhaji na gane ta, don na cancanta. Matsawar tsohuwar nan ce har yau ban iya haɗiyewa ba. Kai ka san wannan tuntuni, ko? Tawali'un nan naka da nake kira wauta, daga nan ya fito?

Fasto ya ce Yesu da zai tashe ka ba ya buƙatar allo mai suna. Wasu ranakun ina gaskatawa. Wasu ranakun ruwan nan kawai nake gani yana daidaita ƙasa.

Saura Inna. Na rubuta mata wasiƙa biyu. Ta farko shafi uku ce, akwai sunan waƙar, akwai akwati, akwai sojojin da suka sara maka. Ta yi kyau ƙwarai, da ta sa ta barci mai daɗi har ƙarshen ranta. Ta biyun layi huɗu ce. Ɗazu na cusa ta farkon a murhun mai shayi. Ta biyun ma ba zan aika ba. Gobe da safe akwai motar goro mai zuwa Arewa, zan hau in je in faɗa mata da bakina, don ta samu fuskar da za ta kalla.

Kafin in hau, zan tsaya a katangar maƙabarta in rera muku waƙar ku bakwai ɗin duka, da muryar nan tawa ta kara. Maƙwabtanka su yafe mini. Kai ka ɗauki taka.

Ka huta, Yaya. Sai ranar da za a kira ka da sunanka.

Ƙaninka da ya yi musunka,
Dauda