Bogar Arkansas Mai Kilishi a Kai

Nashville, 6 ga Maris, 2006

Zuwa ga uwata Chamsiya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin? Allah Ya ƙara sauƙi. Ki gaishe mini da mamanki.

Tun da likita ta hana ni shiga ɗakinki saboda tarin nan nawa, ke kuma gyambon bakin da kemo, maganin kansar nan, ya jawo miki ya hana ki magana a waya, ga ni na koma takarda kamar mutanen da. Aikin da kika ɗora mini na kama shi: duk garin da na tsayar da babbar motar nan in ɗanɗana bogarsu, burodin nan mai nama a tsakiya, in ba ta maki, ranar da aka sallame ki mu tafi ki ci wadda ta zo ta ɗaya. Amma fa ni bisa ashirin nake ba da maki, yadda ake mana a lakkol, wato makaranta, a Damagaram. Goma ce hayewa, ƙasa da haka sai maimaita aji.

Ta Knoxville bakwai ta samu. Burodin ya jiƙe sharkaf, naman kuwa kamar tafin silifas. Ta nan Nashville sha ɗaya, albasa ce ta cece ta. Abokin tuƙina Simeon, mutumin Jos, ya ce na cika rowar maki. Na ce masa malaminmu har ya mutu bai ba kowa sha biyar ba.

Uwata, an ce kunun ma ture shi kike yi. Ki daure ki sha. Wallahi hankalina yana wurinki.

Babanki,
Tassiou

Greensboro, 12 ga Maris

Baba,

Ina wuni, ya hanya? Mama ce ta karanta mini wasiƙarka, don rubutunka sai ita. Wannan za ta bar maka a ofishin kamfaninku.

Ba taurin kai nake yi ba. Duk abin da na sa a baki ƙarfe nake ji, kamar ina lasar makulli. Likita ta ce in ban fara ci ba kafin ƙarshen wata za su sa mini bututun abinci ta hanci, kuma su ɗage kemo na gaba don jikina ba zai ɗauka ba. Tsoro nake ji, Baba.

Ka ci gaba da ci mini. Amma bakwai da sha ɗaya ba za su tayar da ni daga gado ba. Ka nemo mai sha biyar.

Allah Ya tsare hanya.
'Yarka, Chamsiya

Little Rock, Arkansas, 17 ga Maris

Uwata,

Ina gaisuwa, ina miki addu'a. Albishirinki, an samu!

Wani ɗan gidan abinci ne a bakin titi, wata tsohuwa ke gashin da kanta. Naman mai kauri, man na ɗiga har gwiwar hannu. A samansa kuma sun jera wani kilishi siriri, ja da fari, ya soyu ƙarau, ana cizawa ana jin ƙurus. Ashe Amurkawa sun iya kilishi, yaji kawai suka manta. Na ba ta sha biyar cif, malaminmu ya yafe mini.

Yanzu sai ki fara da kunu, don hanyar Arkansas da nisa.

Babanki,
Tassiou

Greensboro, 21 ga Maris

Baban Chamsiya,

Sallama da fatan kana lafiya. Mu nan sai godiya.

Allah Ya shirye ka, Malam. Kilishin nan da ka yaba naman alade ne, shi suke soyawa su ɗora a kai. Ina karantawa 'yarka ta fashe da dariya har nas ta leƙo. Rabona da jin dariyarta na manta, ni kaina sai da na riƙe ciki.

Daga baya sai ta ɗaure fuska. Ta ce mutumin da ba ya cin nama sai yankan Musulmi, wanda nake cika wa kula da dambu duk tafiya, ta yaya ma ta yarda yana cin boga a titi? Ta juya fuska bango ta ce, "Mama, har Baba ma lallaɓa ni yake yi kamar ƙaramar yarinya." Jiya ko shayi ba ta taɓa ba.

Na san don ita ka yi, ban ga laifinka ba. Amma yarinyar nan kowa sai ya ce mata ta yi kyau, ta samu sauƙi, ita kuwa tana ganin madubi. Kai kaɗai take ɗauka ba ka yi mata haka. Ka rubuto mata gaskiya, wata ya kusa ƙarewa.

Matarka,
Dalila

Glenwood, Greensboro, 26 ga Maris

Uwata,

Ina gaishe ki, kuma ina neman afuwa.

Kin kama ni. Ko guda ɗaya ban ci ba. Simeon ke ci, ni ina zaune ina kallon fuskarsa. In ya yi ta surutu, maki ya faɗi. In ya yi shiru yana lumshe ido, maki ya hau. A Arkansas ko sunansa na kira ba ya amsawa. Na kasa ce miki a'a, kuma na kasa cin abin da ban san yankansa ba, sai na zaɓi hanyar banza.

Ga gaskiyar da kike so. Ni ma tsoro nake ji. Ranar da na hango ki ta gilashi na ga yadda kika rame, sai da na zauna a mota na yi kuka kafin na iya tayar da ita.

Yau na biyo ta gida, gobe za mu ɗauki kaya zuwa Ohio. Na je shagon halal na High Point Road na sa an niƙa mini nama, na cuɗa shi da albasa, na gasa a bayan gida har ya nuna sosai, yadda likita ta yarda. Yaji ɗan kaɗan na sa saboda bakinki. Boga biyu na haɗa, na ci ɗaya da bakina, mamanki shaida ce. Ɗayar tana hannunta. Ban ba ta maki ba, wannan aikinki ne. In kin kasa ci ba zan yi fushi ba, amma ki faɗa mini gaskiya.

Babanki,
Tassiou

Greensboro, 27 ga Maris

Baba,

Ina kwana.

Burodin ya bushe, albasar ta ƙone, kuma gishiri ya yi yawa. Gishiri fa na ji, Baba, ba ƙarfe ba. Na ci rabi. Likita ta ce a dakata da maganar bututu a ga yadda satin nan zai kasance.

Goma bisa ashirin. Ka haye.

Ka gaishe da Simeon, ka ce masa ya huta. Ran Juma'a ka kawo wata, ka rage gishiri.

'Yarka, Chamsiya