A Mayar da Ni Suleja

Laraba, bayan isha'i

Laifina ne. Ranar da na sa shafina na ɗinki a kundin 'yan kasuwa na intanet, rukunin Abuja na zaɓa, don a ce ni ma wata ce. Ga shi yanzu matan Abuja na kira, da sun ji Suleja sai su katse, masu neman tela a garin nan kuwa ba sa ganina.

Ɗazu na kira mai kula da kundin. Dariya ya yi: "Hajiya, kowa roƙo yake a sa shi Abuja, ke kina neman fita?"

Na ce masa keken ɗinkina a Suleja yake. Wai zai duba. Gobe ma zan kira, jibi ma haka, har sai ya gaji da muryata.