Ina Ɗan Taguwata?

Auta,

Sallama da gaisuwa. Ya iyali, ya garke? Ka shafa min kan yara.

Ba zan yi maka kwana-kwana ba. Bara da bakinka ka ce min Fara, taguwata, ta ɗauki ciki. Shekara ta zagayo har ta gota, ban ji haihuwa ba, ban ji ɓari ba. Sauran biyun da na gada wurin Baba su ma shiru, alhali naka raƙuman sai zuba 'ya'ya suke. Kiwo ɗaya, rijiya ɗaya, to nawa ne kaɗai suka yi rantsuwa?

Maigidana ya ce ya ga wani ɗan taguwa a kasuwa, fari sol, kamar Fara ta yi kaki ta tofar. Ba na son zato, amma biri ya yi kama da mutum. Zan turo likitar dabbobi ta duba min su.

Ka huta lafiya.
Yayarka ta gari, in ji mutane. Yayarka dai.

*

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan kuna lafiya ke da maigida. Takardarki ta iso, na karanta, abincin ranar bai shiga ba.

Ban yi miki ƙarya ba. Mu masu kiwo haka muke gane ciki: in amale, wato namijin raƙumi, ya matso, taguwa ta ɗaga wutsiya, to ta ɗauka. Fara ta ɗaga, har gobe ma ɗagawa take, amma cikin bai fito ba. Sauran biyun kuwa ana yi musu barbara, bayan ɗan lokaci su sake nema. Ɗaya tana zubar da wani ruwa mai wari. Na faɗa wa mijinki da ya zo, ya ce kada in tayar miki da hankali.

Ki tuna ke kika aiko da amalen da mijinki ya samo miki, kika ce shi kaɗai zai hau naki don kada 'ya'ya su cakuɗe a yi rigima. Ban taɓa saɓa wannan ba.

Ita wannan likita, wa ya zaɓo ta? In mijinki ne, ina tsoron ba magani ta zo yi ba, shaida ta zo nema.

Allah ya bar zumunci.
Ƙaninki

*

Auta,

Muna lafiya, ina gaida matarka.

Kai da ka ce cikinka fari ne, me ya tsorata ka da likita? Mai kaza a aljihu ne ba ya jimirin as. Ni na nemo ta da ƙafata, maigidan ma cewa ya yi ɓata lokaci ne, in kwaso raƙumana kawai a sayar. Batun ruwa mai wari kuma ya ce bai tuna ka faɗa masa ba. Yanzu a cikinku wa zan kama?

Wallahi raina a ɓace yake. Ni na goye ka a bayana, in har ɗan taguwa ne zai sa ka ci amanata, gara in sani. Ka buɗe mata garke, kada ka ɓoye ko ɗaya a bayan gari.

Sai na ji daga gare ka.
Yayarka

*

Zuwa ga Yaya,

Ina gaisuwa. Likitarki ta zo, ta tafi, ta dawo da sakamako. Na roƙe ta ta kira ki da kanta, tunda maganata ba ta da nauyi.

Muka durƙusar da Fara, muka ɗaure mata ƙafa. Ta zura safar roba har kafaɗa ta laluba, ta kuma haska da na'ura. Ta kira ni in kalli allon, ta ce, "Malam, ba ɗa a nan, mugunya ce ta cika mahaifar. Ita ke sa jikinta ya ɗauka ciki ne, har take ɗaga wutsiya." Ta ɗebi ruwan mahaifar duka ukun ta kai aka gwada. Ƙwayoyin cuta ne iri ɗaya. Ta ce ba wadda ta haihu a cikinsu tun da daɗewa.

Da ta ga amalen sai ta tsaya tana kallon tabon wuyansa. Ta ce, "Wannan na san shi. Ni na ce wa mai shi ya kai wa mahauta, saboda ya lalata masa garke da cuta. Ya aka yi ya zo nan?" Na tambayi sunan mai shi. Yaya, wan mijinki ne.

Ban ce mijinki ya sani ba. Na ɗanɗana zargi, ba zan ɗura wa wani ba.

An ware amalen. An fara wanke wa taguwoyin mahaifa ana yi musu allura. Biyu za su warke in Allah ya so, Fara kuwa ta ce kada a sa rai. Zan ƙarasa jinyarsu saboda Baba. Daga nan ki turo mota a kwashe, na gaji da kiwon da ake bi na kasuwa ana leƙe.

Ki huta lafiya.
Ƙaninki

*

Auta, ɗan'uwana,

Ina gaishe ka, in za ka amsa.

Likita ta kira ni. Da safe na tambayi maigidan ko wurin wansa ya samo amalen. Bai ce ƙarya ce ba, bai ce bai sani ba. Cewa ya yi, "Wa ya gaya miki?"

Ba zan turo mota ba. Ni ce zan zo, ni kaɗai. Ka sa a share min ɗakin Inna, ban san ranar komawata ba.

Yayarka